Na'urar zuciya da huhu: Abin da take yi wa wanda zuciyarsa ta tsaya, da nisanta da gaɓar Kainji

Ranar Laraba, 26 ga watan Mayun 2021, wani jirgin ruwa na katako da ya taso daga ɓangaren Jihar Neja ya nufi Wara, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski a Jihar Kebbi, ya tsage a tsakiyar ruwa. Rahotannin lokacin sun ce mutanen da ke cikinsa sun haura 150, har da mata da ƙananan yara. Wajen mutum 20 aka tsamo da rai. Sauran kuwa, masunta da gwanayen ninƙaya sun kwashe kwanaki suna lalubo gawarwakinsu.

Kwana 17 bayan haka, ranar 12 ga Yuni, miliyoyin masu kallon ƙwallo, har da na gidajen kallon Yawuri da Birnin Kebbi, sun ga Christian Eriksen na ƙasar Denmak ya yanke jiki ya faɗi a fili ana dab da tafiya hutun rabin lokaci a wasansu da Finlan. Zuciyarsa ce ta tsaya. Nan take likitoci suka hau danna masa ƙirji, aka girgiza zuciyar da lantarki sau ɗaya, ta ci gaba da aiki. A watan Fabrairun 2022 ya koma taka leda a ƙungiyar Brentford ta Ingila.

Danna ƙirji da girgizar lantarki su ne matakan farko na ceton wanda zuciyarsa ta tsaya, kuma ga Eriksen sun wadatar. Amma akwai zuciyar da za a danna, a girgiza har sau uku ko fiye, ta ƙi tashi. A da, nan ne likita ke duba agogo ya rubuta lokacin rasuwa. Yanzu a wasu biranen duniya akwai mataki na uku: a jona mutumin da wata na'ura da za ta karɓi aikin zuciyarsa da huhunsa gaba ɗaya, har a gano abin da ya tsayar da zuciyar a gyara. Likitoci na kiran na'urar Ekmo.

Tsayawar zuciya daban, "bugun zuciya" daban

Duk mai tace labarai a jaridar Hausa ya saba da jimlar "ya rasu sakamakon bugun zuciya". Muna barinta ta wuce ne don mai karatu ya saba da ita, amma ta haɗe abubuwa biyu da likitoci ke rarrabewa. Na farko toshewar jijiyar da ke shayar da naman zuciya jini: mutum na jin nauyi ko ciwo a ƙirji, yana zufa, amma yana cikin hayyacinsa kuma zuciyar na aiki. Na biyu tsayawar zuciya: ta daina tura jini kwata-kwata, mutum ya faɗi cikin daƙiƙoƙi, ba ya amsawa, ba ya numfashi irin na mai rai. Na farkon yakan jawo na biyun, sai dai ba shi kaɗai ba. Nutsewa a ruwa, jan wutar lantarki, zubar jini mai yawa, guba da cututtukan zuciya na gado duk suna iya kaiwa nan.

'Yan Najeriya sun taɓa ganin wannan da idanunsu. Samuel Okwaraji ya faɗi a babban filin wasa na Legas ranar 12 ga Agustan 1989 ana karawa da Angola, bai tashi ba. Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya a watan Maris na 2020 a wasansu da Katsina United, shi ma ya rasu.

Zuciya na da juriya fiye da yadda ake zato. Ƙwaƙwalwa ce ba ta da haƙuri. Idan jini ya daina isa gare ta, ƙwayoyinta na fara mutuwa cikin minti 4 zuwa 6. Ƙiyasin da masu koyar da agajin gaggawa suka daɗe suna bayarwa shi ne, kowane minti ɗaya da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsira na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Danna ƙirji da hannu, ko gwani ne ke yi, yana tura kwata ne zuwa kashi ɗaya bisa uku na jinin da lafiyayyiyar zuciya ke turawa. Wannan ɗan jinin na iya riƙe ƙwaƙwalwa na wani lokaci, amma ba na sa'o'i ba. Shi ya sa ko a Turai da Amurka, inda motar asibiti ke isowa cikin mintuna, wajen mutum ɗaya cikin goma ne ke fita asibiti da rai bayan zuciyarsa ta tsaya a gida ko a kan titi.

Yadda na'urar take

Ana soka wani bututun roba mai kaurin yatsa a babbar jijiyar da ke matsematsin cinya, a tura shi sama har kusa da zuciya. Ta nan wani famfo mai juyawa ke zuƙo jinin da iskarsa ta ƙare, mai duhun launi. Jinin ya ratsa wani ɗan akwati cike da dubban zarurruka masu rami; iskar oksijin na bi ta cikin zarurrukan, jini na bi ta bayansu, sai ya ɗauki iska mai kyau ya saki gurɓatacciya, kamar dai yadda ake yi a huhu. Daga nan a mayar da shi jiki, ya yi ja wur, ta bututu na biyu da aka sa a jijiyar da ke kai jini gaɓoɓi. Na'urar na iya zagaya lita 3 zuwa 5 a minti ɗaya, kusan abin da zuciyar baligi ke yi yana hutawa, kuma tana iya ɗumama jinin ko ta sanyaya shi.

Ba ta warkar da komai. Lokaci kawai take saye. Da zarar jini ya koma zagayawa, sai a garzaya da majinyaci ɗakin da ake zura waya cikin jijiyoyin zuciya a buɗe wadda ta toshe, ko a cire gudan jinin da ya tare huhu, ko a jira guba ta fita. Idan zuciyar ta farfaɗo cikin kwanaki, a cire bututan.

Wahalar aikin tana wajen soka bututan. Jijiyar mutumin da zuciyarsa ta tsaya ba ta harbawa, don haka ba a jin ta da yatsa. Da na'urar hoto ake nemanta, alhali wani yana danna ƙirji jikin yana motsi. Bayan an jona kuma sai an riƙa ba shi maganin hana daskarewar jini, wanda ke iya jawo zubar jini a ciki ko a ƙwaƙwalwa. Ƙafar da aka sa wa bututu na iya rasa jini har ta lalace. Ƙoda na iya tsayawa. Ana bukatar jini a ajiye, da ma'aikatan jinya da masanin na'urar a gefen gado dare da rana, da wutar lantarkin da ba ta ƙiftawa. A ƙasashen da ake yi, kuɗin jinyar mutum ɗaya na kaiwa dubun-dubatar daloli.

Daga ɗakin tiyata zuwa titi

Kakar wannan na'ura ita ce wadda likitan Amurka John Gibbon ya shafe kusan shekara 20 yana ƙerawa. Ranar 6 ga Mayun 1953, a birnin Filadelfiya, ya jona wata budurwa 'yar shekara 18 da ita, na'urar ta riƙe ta na minti 26 yayin da yake ɗinke wata huda a zuciyarta. Daga nan tiyatar buɗe zuciya ta samu gindin zama. A Najeriya an fara irin wannan tiyata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Inugu a watan Fabrairun 1974, ƙarƙashin Farfesa Fabian Udekwu tare da shahararren likitan nan ɗan asalin Masar, Magdi Yacoub. Shekara 50 bayan haka, asibitocin da ke yinta a kai a kai a ƙasar nan ba su da yawa, kuma galibinsu a manyan birane suke.

Na'urar Gibbon ta sa'o'i ce kawai, domin tana lalata jini idan aka daɗe. Sai da aka ƙirƙiro huhun roba mai tausasa wa jini kafin aka iya riƙe mutum na kwanaki. A 1972 aka wallafa labarin wani matashi a Kalifoniya da haɗari ya lalata wa huhu, wanda likita Donald Hill ya riƙe da na'urar har sa'a 75 ya tsira. A 1975 Robert Bartlett ya ceci wata jaririya da ita. Annobar korona ce ta sa sunan Ekmo ya shiga bakin 'yan jarida.

Likitocin Japan na cikin waɗanda suka fara yawaita amfani da ita ga wanda aka kwaso daga titi zuciyarsa a tsaye. Hukumar agajin gaggawa ta birnin Paris kuma ta ɗauki wata hanya tun daga 2011: maimakon a kai majinyaci wurin na'ura, sai a kai masa na'urar inda ya faɗi. Tawagarsu ta jona mutane a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, har da cikin gidan tarihi na Louvre, masu yawon buɗe ido na kallo daga nesa.

Abin da gwaje-gwaje uku suka nuna

Labarin mutum ɗaya da ya tashi bayan an fid da rai yana da daɗin bugawa a jarida, amma likitoci ba sa gina hukunci a kansa. Sukan raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa waɗannan sabuwar hanya, waɗancan tsohuwa, a ƙirga.

Gwajin farko an yi shi ne a Jami'ar Minesota ta Amurka, aka wallafa a mujallar Lancet a 2020. Mutum 30 kacal aka ɗauka, dukansu an girgiza zuciyarsu da lantarki sau uku ba ta tashi ba. Cikin 14 da aka bibiya a ɓangaren na'ura, 6 sun fita asibiti da rai, wato kashi 43 cikin 100. Cikin 15 na ɗaya ɓangaren, mutum ɗaya ne. Tazarar ta yi yawan da masu sa ido suka dakatar da gwajin, don ba su ga dacewar ci gaba da hana wasu na'urar ba.

Na biyu a birnin Prag na Jamhuriyar Cek, mutum 256 tsakanin 2013 da 2020, aka wallafa a 2022. Bayan wata shida, kashi 31.5 cikin 100 na waɗanda aka garzaya da su asibiti don a jona su suna raye da lafiyayyar ƙwaƙwalwa, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 22. Akwai rata, amma a ƙa'idar lissafin masu bincike ba ta kai a yanke hukunci da ita ba.

Na uku shi ne ya sanyaya gwiwar masu zumuɗi. An yi shi a asibitoci 10 na ƙasar Holan, aka wallafa a farkon 2023. Cikin mutum 70 na ɓangaren na'ura, 14 ne suka kai wata ɗaya da lafiyayyar ƙwaƙwalwa. Cikin 64 na ɓangaren danna ƙirji zalla, mutum 10. Kashi 20 da kashi 16, kusan kunnen doki.

Na'ura iri ɗaya ce, to me ya bambanta sakamakon? Mafi yawan masu sharhi sun tsaya a kan agogo da sabo. A Minesota da Prag, asibiti ɗaya ne mai tawaga ɗaya da ta daɗe tana wannan aiki, kuma a tsakaice an kunna na'urar cikin kusan awa ɗaya da faɗuwar mutum. A Holan an kai minti 74, kuma da yawa daga asibitocin ba su saba yi ba. Wato ko a ƙasa mai shimfiɗaɗɗun tituna da motocin asibiti birjik, jinkirin kwata ɗin awa da ƙarancin sabo sun kusa cinye ribar gaba ɗaya. A kan haka Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ce a 2023 yin amfani da na'urar ya dace ga zaɓaɓɓun majinyata, a inda akwai horarrun ma'aikata da cikakken tsari.

Kalmar "zaɓaɓɓu" tana da nauyi. Wanda ake ɗauka shi ne wanda aka ga faɗuwarsa, wanda wani na kusa ya fara danna wa ƙirji ba tare da ɓata lokaci ba, wanda zuciyarsa ke karkarwa irin wadda lantarki ke iya gyarawa, mai shekaru daga 18 zuwa 65 ko 75 gwargwadon asibiti, marar wata cuta mai kisa, wanda kuma za a iya jonawa cikin minti 60. Idan ba a danna ƙirji da wuri ba, na'urar za ta riƙa zagaya jini ne a jikin da ƙwaƙwalwarsa ta riga ta mutu.

Wannan ya taɓa faruwa sau da yawa, kuma shi ne ɓangare mafi ɗaci ga iyalai: jiki da ɗumi, na'ura na aiki, amma babu mai farkawa. Malaman Musulunci sun duba irin wannan hali tun kafin Ekmo ta yaɗu. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a watan Oktoban 1986, ta yanke cewa idan ƙwararrun likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa, ya halatta a cire na'urorin da ke riƙe da jikin.

Wanda ya nutse fa?

Nan ne batun ya shafi mutanen Yawuri, Ngaski da Shanga kai tsaye. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsofaffin garuruwa da gungaye, aka sake wa mutum wajen 44,000 matsuguni, tafkin mai tsawon fiye da kilomita 130 ya zama babbar hanyar kasuwa da gona da biki ga Gungawa da Sarkawa da sauran mazauna gaɓa. Haɗarin Wara shi ne mafi muni a 'yan shekarun nan, amma ba shi ne na ƙarshe ba; a farkon Oktoban 2023 wani jirgin da ya taso daga yankin Agwara zuwa kasuwar Yawuri ya kife, mutane da dama suka ɓace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a faɗin duniya a 2021.

Zuciyar wanda ya nutse tana tsayawa ne don iska ta ƙare a jininsa. Kafin ta tsaya, ƙwaƙwalwa ta riga ta fara shan wuya. Wata bita da aka wallafa a mujallar likitoci ta New England a 2012 ta kawo alƙaluman da masu ceto ke yawan ambato: wanda aka tsamo cikin minti 5, haɗarin mutuwa ko mummunan lahanin ƙwaƙwalwa kashi 10 ne cikin 100, daga minti 6 zuwa 10, kashi 56, daga 11 zuwa 25, kashi 88, bayan minti 25 kuwa, kusan babu mai tsira.

Duk da haka, labaran ban mamaki mafi shahara game da wannan na'ura na waɗanda suka faɗa ruwa ne. A watan Mayun 1999 wata matashiyar likita, Anna Bågenholm, ta rufta cikin wani rafi mai ƙanƙara a arewacin Norwe, ta maƙale ƙarƙashin ƙanƙarar har minti 80. Abokan tafiyarta, su ma likitoci, suka fara danna mata ƙirji da aka ciro ta, jirgi mai saukar ungulu ya kai ta asibitin Tromsø, zafin jikinta ya sauka zuwa digiri 13.7 maimakon 37. Aka jona ta da na'urar zuciya da huhu, aka ɗumama jininta a hankali, zuciyar ta tashi. Daga baya ta koma aikin likita.

Sanyi ne ya cece ta kafin na'ura. Duk digiri ɗaya da zafin jiki ya sauka, bukatar jiki ga iska na raguwa da kusan kashi 6 cikin 100, kuma ita ta samu wata 'yar kafa tana shaƙar iska har jikinta ya yi sanyi kafin zuciyar ta tsaya. Ruwan Kainji ba shi da wannan rangwame. Ko a tsakiyar hunturu, lokacin da masunta ke ƙorafin sanyi, bai kusanci sanyin da ke kare ƙwaƙwalwa ba. Wanda ya nutse a gaɓar Wara ko Yelwa, mintunan nan na 2012 ne ke aiki a kansa, babu ƙari.

Sai kuma nisa. Daga Yawuri zuwa Birnin Kebbi ta Koko da Jega wajen kilomita 200 ne, daga Wara kuma ya fi haka, Sakkwato na can gaba. Ko da an girke na'urar da tawagarta a babban birnin jihar gobe, minti 60 ɗin za su ƙare mota ba ta kai rabin hanya ba, balle a lissafa lokacin da kwalekwale zai ɗauka kafin ya iso gaɓa. Manyan asibitocin ƙananan hukumomi kuwa, a nan ko a Turai, ba don wannan aiki aka gina su ba. Akwai abin takaici a ce madatsar da aka tsara don samar da megawat 960 tana maƙwabtaka da ƙauyukan da ke kwana a duhu, amma ko an warware matsalar wuta, da sauran rina a kaba.

A ganina, wanda ya karanta gwaje-gwajen nan uku da idon basira zai ga cewa abin da suka fi tabbatarwa shi ne darajar mutumin farko da ya durƙusa kusa da wanda ya faɗi. Duk wanda na'urar ta ceta a Minesota ko Prag, sai da hannun wani ya riƙe masa ƙwaƙwalwa na tsawon mintuna masu yawa kafin nan. Wannan ɓangaren na aikin ba ya bukatar dala ko lantarki, kuma shi ne ba mu da shi. A kasuwanninmu da ofisoshinmu, idan mutum ya yanke jiki ya faɗi, sai a yayyafa masa ruwa, a yi masa fifita, wani ya nemo madara, wani ya tura masa cokali a baki, sannan a cusa shi a bayan mota ko a-daidaita-sahu yana zaune a jingine. A bakin ruwa kuma a kife mutum ana matsa masa ciki don ruwa ya fito. Duk mintunan da ke da amfani a nan suke ƙarewa.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar agajin gaggawa, ta kuma ware wani kaso na asusun kula da lafiya a matakin farko don wannan aiki. A Oktoban 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin motocin agajin gaggawa na ƙasa a Abuja, ana faɗaɗa shi zuwa jihohi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA ta wajabta sa rigar kariya, ta hana lodin wuce kima da tafiyar dare, hukumar HYPPADEC mai kula da yankunan madatsun ruwa kuma ta sha raba rigunan a Kebbi da Neja. Rigar nan ita ce ke hana fuska shiga ruwa tun farko, kuma kuɗin jinyar mutum ɗaya a kan Ekmo zai sayi ɗaruruwanta. Abin da ya kamata ya biyo bayan rabon riga shi ne horo: direbobin jirage, sarakunan ruwa, 'yan ƙungiyar masunta, 'yan agajin Fityanul Islam da Izala da Jama'atu da ke halartar kowane taro, da ma'aikatan Red Cross, su ne ke isa wurin kafin kowace mota. Darasin ba ya wuce yini ɗaya.

Abin da hannu zai yi kafin a kai asibiti

Idan baligi ya faɗi, a jijjiga kafaɗarsa a kira shi da ƙarfi. In bai amsa ba kuma ba ya numfashi yadda aka saba, a ɗauka zuciyarsa ta tsaya. A kula da wani abu da ke ruɗar mutane: a mintunan farko wasu kan riƙa jan numfashi jefi-jefi da ƙara, irin wanda muke kira gargara. Wannan alamar tsayawar zuciya ce, kuma alama ce cewa ba a makara ba. Wani na iya laƙƙana masa kalmar shahada yayin da wani ke danna ƙirji. Ɗaya bai hana ɗaya ba.

A tura wani ya kira 112 ko ya nemo mota da ma'aikacin lafiya. A kwantar da mutumin rigingine a ƙasa mai tauri, ba a kan katifa ba. A ɗora tushen tafin hannu a tsakiyar ƙirji, a ɗora ɗaya hannun a kai, a miƙe gwiwar hannu, a danna da nauyin jiki har ƙirjin ya lotsa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu a daƙiƙa, ana barin ƙirjin ya dawo bayan kowace dannawa. Haƙarƙari na iya karyewa, yana warkewa. Mai dannawa na gajiya cikin minti biyu ko da bai ji ba, don haka a riƙa karɓa-karɓa ba tare da tsayawa ba. Idan akwai ƙaramar na'urar girgiza zuciya irin wadda ake ratayewa a filayen jirgin sama, a kunna ta a bi umarnin da take faɗa. Ita ke tantance ko akwai bukatar lantarki, ba ta sakinsa a banza.

Ga wanda aka tsamo daga ruwa, iska ce ta fi gaggawa, don haka da ita ake farawa. A ɗaga haɓarsa, a karkata kansa baya, a toshe hancinsa, a hura masa iska baki da baki har a ga ƙirji ya ɗaga. Ƙa'idar Turai ta ce sau biyar a farko, ta Amurka sau biyu. Daga nan a riƙa danna ƙirji sau 30, a hura sau 2. Ba a matsa ciki kuma ba a kife shi, domin abin da ke fitowa ruwan tumbi ne da abinci, kuma yana iya komawa huhu. In ya yi amai, a juya shi gefe a share bakin, a ci gaba. Ga ƙaramin yaro hannu ɗaya ya isa, a danna kusan kashi ɗaya bisa uku na kaurin ƙirjinsa.

Ba a tsayawa sai mutumin ya fara numfashi ko motsi, ko ma'aikacin lafiya ya karɓa, ko ƙarfin masu dannawa ya ƙare. Idan ya farfaɗo, a kwantar da shi a gefensa, a cire masa jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi. Ko ya tashi zaune yana magana, a kai shi asibiti a ranar, domin huhun da ruwa ya shiga na iya kumbura bayan wasu sa'o'i, numfashi ya sake sarƙewa cikin dare.